Sau 6 Kacal: Musuna Da Yayana A Kan Lamar Jackson Da Masu Zaɓa Masa Dabara

Ranar 28 ga Janairun 2024 Baltimore Ravens ta karɓi baƙuncin Kansas City Chiefs a filinta, a wasan ƙwallon Amurka da duk wanda ya ci shi ne zai je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi. A waccan kakar babu ƙungiyar da ta kai Ravens gudu da ƙwallo a duk gasar NFL ta Amurka. Amma da aka tashi aka duba lissafi, sai aka ga 'yan gudu, waɗanda aikinsu kenan a miƙa musu ƙwallo su kutsa da ita, sau 6 kacal aka ba su. Gus Edwards sau 3, Justice Hill sau 3. Lamar Jackson kuwa, kwatabak ɗin Ravens, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jifa ko miƙa ƙwallo, jifa 37 ya yi. Chiefs ta ci 17 da 10.

Ni Ravens nake yi, kuma wannan sau 6 har yau yana ci mini rai. Yayana ma Ravens yake yi, sai dai mun raba hanya a kan wanda ya kamata ya ɗauki laifin. Shi a wurinsa magana ta ƙare: kwatabak ɗin ne ba ya iya ɗaukar nauyin watan Janairu, lokacin da ake buga sili-ɗaya-ƙwale. Yakan ce mini, "Kai dai ba ka so a taɓa Lamar ne. An canja masa koci, an kawo masa masu cafka, an ba shi kwantiragin dala miliyan 260. Me kuma ya rage a yi masa?" Ni kuma nakan ce, "Yaya, kwatabak ba shi yake rubuta takardar dabarun da ake kira ba." Wannan musun ba mu kaɗai muke yinsa ba. Duk inda magoya bayan Ravens suka haɗu, kashi biyu ne: masu cewa a kori mai zaɓen dabara, da masu cewa ai mai jifan ne bai dace da babban wasa ba.

Kafin na faɗi inda na tsaya, akwai abin da yawancin masu ihun ba sa sa wa a lissafi, wato yadda ake kiran dabarar kanta. Ƙungiyar da ke kai hari tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata huɗun. Tsakanin yunƙuri da yunƙuri akwai daƙiƙa 40. A cikin hular kwatabak akwai ɗan lasifika, kocin da ke tsara hari yana faɗa masa dabarar da za a buga, amma da zarar agogo ya nuna saura daƙiƙa 15 sai a yanke layin. Daga nan kwatabak shi kaɗai ne. Yana iya duba yadda masu tsaro suka jeru ya soke abin da aka kira ya sa wani. Akwai ma dabarun da tun daga tushe biyu ne a haɗe: in masu tsaro sun cika tsakiya a yi jifa, in sun watse a miƙa wa ɗan gudu. Saboda haka mu da ke gaban talabijin, abin da muke gani shi ne ƙarshen shawarar mutum biyu, wani lokaci uku in babban koci ya sa baki. Wanda ya ce ya san tabbas wa ya zaɓi jifa a kowane yunƙuri, ya faɗi abin da idonsa bai gani ba. Ni ma wannan ya shafe ni, shi ya sa ba na kafa hujjata a kan yunƙuri ɗaya.

Labarin Lamar a Baltimore kusan duk labarin dacewa ne tsakanin ɗan wasa da tsarin da aka sa shi a ciki. Ya ci kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i a 2016 yana jami'ar Louisville, amma a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018 sai da aka ɗauki kwatabak huɗu kafin shi: Baker Mayfield, Sam Darnold, Josh Allen da Josh Rosen. Shi ne na 32, na ƙarshe a zagayen farko. Har Bill Polian, tsohon manajan da ake ji da shi a gasar, ya fito ya ce gara yaron ya koma mai cafka. A lokacin Ravens tana da Joe Flacco, dogon mutum mai tsayawa wuri ɗaya ya yi jifa, wanda ya ci mata Super Bowl a Fabrairun 2013. Flacco ya ji rauni a ƙugu a tsakiyar kakar 2018, aka sa Lamar, ya ci wasa 6 cikin 7. Sai Los Angeles Chargers ta zo Baltimore a Janairun 2019 ta cika fili da masu tsaro bakwai marasa nauyi masu saurin gudu, ta hana shi sakat. 'Yan kallo a filin suka yi ta kiran sunan Flacco. John Harbaugh, babban kocin Ravens a lokacin, bai cire Lamar ba. Aka ci Ravens 23 da 17, kuma bayan kakar Flacco ya koma Denver.

Abin da Harbaugh ya yi bayan nan shi ne abin da nake girmama shi a kai fiye da komai. Koci da yawa in suka samu ɗan wasan da bai yi kama da littafinsu ba, ɗan wasan suke lanƙwasawa. Shi littafin ya yar. Ya ɗora Greg Roman a kan tsara hari, mutumin da ya taɓa gina irin wannan tsari a San Francisco don Colin Kaepernick har suka je Super Bowl. Roman ya cika fili da manya-manyan masu tare hanya, ya kafa komai a kan dabara ɗaya mai sauƙin faɗa mai wuyar tarewa. Ana barin mai tsaro ɗaya a gefe da gangan ba a tare shi. Lamar ya ɗora ƙwallo a cikin ɗan gudu, idonsa a kan wancan mutumin. In ya afka ciki, Lamar ya zare ƙwallon ya bi ta gefe. In ya tsaya jiran Lamar, a sakar wa ɗan gudu ya wuce ta tsakiya. Ko ta ina ya bi, ya yi kuskure. Kuma da yake kwatabak ma yana gudu, masu tsaro sun rasa rinjayen mutum ɗaya da suka saba samu a kan masu tare hanya.

Kakar 2019 ba na jin zan sake ganin irinta. Wasan farko suka lallasa Miami 59 da 10, Lamar ya jefa tacidawun 5, wato jifan da aka kai ƙwallo bayan layin ci, ya kuma ce wa 'yan jarida ai ba laifi ga ɗan gudu, yana mayar da martani ga masu cewa bai iya jifa ba. Suka gama da nasara 14 da rashin nasara 2, sha biyu daga ciki a jere. Ƙungiyar ta yi gudun yadi 3,296, adadin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Lamar shi kaɗai ya yi 1,206, ya karya tarihin Michael Vick na 1,039 da ya kafa a 2006, ya kuma fi kowa jifan tacidawun da 36. Aka zaɓe shi gwarzon kaka ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce ba, abin da Tom Brady kaɗai ya taɓa samu kafin shi.

Sai Tennessee Titans ta zo a Janairun 2020 ta ci 28 da 12. Derrick Henry, ɗan gudun da a lokacin nasu ne, ya yi gudun yadi 195. Ravens ta gwada yunƙuri na huɗu sau biyu tana neman yadi ɗaya tak, aka tare ta duka biyun. Da suka ga an ba su rata sai suka bar abin da suka iya, Lamar ya yi jifa 59. A nan musun ya samo asali, domin kowane ɓangare ya sami abin kamawa. Masu sukar Lamar suka ce ga shi nan, in aka tilasta masa jifa ba ya iya fid da kai. Masu sukar Roman suka ce tsarinsa ba shi da hanyar dawowa in an riga shi ci, don bai gina ɓangaren jifa da kyau ba.

Ni ina tare da kashi na biyu, amma ba da irin zafin da wasu suka yi ba. An yi ta zagin Roman kamar bai taɓa yi wa ƙungiyar komai ba, wannan kuwa rashin adalci ne. Tsarinsa riga ce da aka ɗinka wa matashi ɗan shekara 22, ta zauna masa daram, amma ya ci gaba da girma ita kuwa ba a buɗe ta ba. A 2020 Ravens ce ta ɗaya a gudu, ita ce kuma ta ƙarshe a yadin jifa cikin ƙungiyoyi 32. A Nuwamban shekarar Lamar da bakinsa ya ce masu tsaron abokan hamayya suna kiran dabarun Ravens tun kafin a buga su. In ka kalli wasannin lokacin za ka ga masu cafka biyu sun ƙare a wuri guda, mai tsaro ɗaya ya riƙe su duka. Za ka ga an makara wajen aiko da dabara, ƙungiya ta iso layi saura daƙiƙa kaɗan, babu lokacin da kwatabak zai duba ya canja komai. Marquise Brown, wanda abokin Lamar ne na ƙud-da-ƙud, ya nemi a sayar da shi, aka kai shi Arizona a Afrilun 2022, ya kuma ce tsarin ne bai dace da shi ba. Mai cafka mai suna ba ya marmarin zuwa inda za a sa shi tare hanya yawancin yini.

Dole kuma a tuna cewa 2021 da 2022 rauni ya cinye su. 'Yan gudu uku suka ji rauni tun kafin a fara kakar 2021, Lamar ya ƙare kakar da ciwon idon sawu, ya ƙare ta gaba da ciwon gwiwa. Ba komai ba ne laifin Roman. Amma da ya ajiye aiki a Janairun 2023 na ji daɗi, ba tare da na raina abin da ya gina ba.

Todd Monken, wanda ya maye gurbin Roman, ya zo daga jami'ar Georgia, inda ya tsara harin da ya ci kofin ƙasa sau biyu a jere. Ya baza masu cafka a faɗin fili, ya hanzarta aiko da dabara, ya ba Lamar ikon canja abin da aka kira in ya ga dama. Aka ƙaro masu cafka: aka ɗauko Zay Flowers a zagayen farko, aka kawo Odell Beckham Jr. Sakamakon ya amsa tambayar da aka daɗe ana yi. Lamar ya kammala kashi 67 cikin 100 na jifansa, mafi yawa a rayuwarsa ta ƙwararru zuwa lokacin, ya kuma ci gaba da gudu. Ranar Kirsimeti suka je gidan San Francisco suka ci 33 da 19, mako na gaba suka ci Miami 56 da 19. Nasara 13, rashin nasara 4, gwarzon kaka karo na biyu da ƙuri'a 49 cikin 50. Mutum ɗaya, tsari biyu mabambanta ƙwarai, kyauta ɗaya sau biyu. Duk mai cewa Lamar ɗan tsari ne kawai, sai ya faɗa mini wane tsarin yake nufi.

To, ga Monken da nake yabo, shi ne kuma mai sau 6 ɗin nan. Yaya za a yi?

Abin da ya fi ba ni haushi a wasan Chiefs shi ne babu uzurin rata. A wasan Titans an ba su rata mai yawa, ana iya cewa lokaci ya ƙure dole a yi jifa. A nan kuwa Chiefs ta ci makinta 17 duk kafin hutun rabin lokaci, bayan hutu ba ta ƙara ko ɗaya ba. Masu tsaron Ravens sun riƙe Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Chiefs, rabin wasa cur. Ratar ba ta taɓa wuce maki 10 ba. Mako ɗaya kafin nan Buffalo ta yi ta keta Chiefs da gudu, kowa ya gani. Gudun farko da aka ba Gus Edwards yadi 15 ya ci, sai aka manta da shi kamar ya tafi gida. Steve Spagnuolo, mai tsara tsaron Chiefs, gwani ne wajen turo ƙarin mutane su afka wa kwatabak, kuma maganin irinsa sananne ne: ka yi ta gudu ta tsakiya har ya ji tsoron turo su. Ravens ta yi masa abin da yake so. Lamar ya yi ta ja da baya yana jiran doguwar hanya ta buɗe, har Charles Omenihu ya doke ƙwallo daga hannunsa. Chiefs ta riƙe ƙwallo fiye da minti 37 cikin 60.

Bayan wasan Harbaugh ya amsa cewa ba adadin da suke so ba ne, ya kuma ce wasu dabarun irin masu zaɓi biyun nan ne da suka ƙare a jifa. Yayana ya riƙe wannan gam. "Ka ji ko? Shi ya zaɓi jifa." Na yarda akwai gaskiya a ciki. Amma aikin mai tsara hari ba ya ƙarewa da ba da zaɓi. In ya ga rabin wasa ya wuce 'yan gudunsa ba su taɓa ƙwallo ba sai sau ƙalilan, yana da dabarun da babu zaɓi a cikinsu, a miƙa kawai a kutsa. Yana da minti goma sha wani abu na hutu ya gyara. Babban koci ma yana da lasifika a kunne, yana iya cewa a yi gudu sau uku a jere a ga abin da zai faru. Babu wanda ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙungiyar da ta shekara tana cin mutane da ƙarfi ba ranar wasan zuwa Super Bowl za ta gwada zama wata ba.

A nan sai na bambanta abu biyu da magoya baya ke cuɗawa, domin ba kowane ihu a kan mai zaɓen dabara nake goyon baya ba. Shahararren misali shi ne Super Bowl na 1 ga Fabrairun 2015, Seattle da New England. New England tana gaba 28 da 24. Seattle tana kan yadi ɗaya daga layin ci, yunƙuri na biyu, saura daƙiƙa 26, tana da damar tsayar da agogo sau ɗaya, ga kuma ɗan gudunta Marshawn Lynch wanda tare shi sai an taru. Babban kocin Seattle Pete Carroll da mai tsara masa hari Darrell Bevell suka kira jifa. Malcolm Butler na New England, sabon ɗan wasan da ko zaɓensa ba a yi ba, ya sha gaban Ricardo Lockette ya cafke jifan Russell Wilson, kwatabak ɗin Seattle. Duniya ta ce ba a taɓa kiran dabara mafi muni ba. Amma duba lissafin Carroll. Gudun da bai kai ba yana barin agogo yana tafiya, jifan da ya faɗi ƙasa yana tsayar da shi. Da damar tsayarwa ɗaya da daƙiƙa 26, in yana son ya yi amfani da yunƙuri ukun da suka rage, dole ɗaya daga ciki ya zama jifa. New England kuma ta cika layi da manyan mutane tana jiran Lynch. Ana iya musu a kan irin jifan, ni ma da na fi son a fitar da Wilson gefe inda zai iya gudu ko ya yar da ƙwallon waje, maimakon jefa ta cikin cunkoso. Amma shawarar a yi jifa tana da hujja. Da Lockette ya cafke, da waɗanda suka zagi Carroll su za su kira shi mai basira.

Yunƙuri ɗaya yana iya lalacewa ko da an zaɓe shi daidai, don akwai mutum 22 a fili kuma ƙwallon ba zagayayya ba ce. Abin da ya faru a Baltimore ba yunƙuri ɗaya ba ne, wasa ne sukutum da aka bi hanya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Na farkon sa'a tana da hannu a ciki. Na biyun shawara ce da aka maimaita sau da dama, kowane lokaci da damar a janye.

Batun dacewa kuwa, ba Lamar kaɗai ya nuna shi ba. Jared Goff shi ne na ɗaya a zaɓen 2016, ya fara wasa 7 a shekararsa ta farko da Rams bai ci ko ɗaya ba, aka ce an yi asara. Sean McVay ya zama babban kocinsu a 2017 yana ɗan shekara 30, ya riƙa tura ƙungiya layi da wuri don ya samu ya yi wa Goff magana a hula kafin a yanke layi, yana faɗa masa abin da yake gani. Shekara biyu suka je Super Bowl. A can Bill Belichick, kocin New England a lokacin, ya sa masu tsaronsa su riƙa ɓoye jerinsu har sai an yanke layin, Rams ta tashi da maki 3 kacal. McVay ya gaji ya musanya Goff da Matthew Stafford a 2021 ya ci kofi. Goff ɗin da aka yar kuma ya je Detroit, aka gina masa katangar masu tare hanya mai ƙarfi da tsarin da ke ba shi jifa a tsakiyar fili, ya kai su nasara 15 a 2024. Sam Darnold da New York Jets ta sallama ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024 ɗin a hannun Kevin O'Connell. Hannun mutanen nan bai canja ba. Abin da ake tambayarsu su yi ne ya canja.

Sai dai akwai inda hujjata take tsayawa, kuma yayana ya san wurin. A wannan wasan na Chiefs, a farkon kashi na huɗu, Flowers ya miƙa hannu zai ƙetare layin ci, L'Jarius Sneed na Chiefs ya doke ƙwallon daga hannunsa. Wannan ba Monken ba ne. Bayan nan Ravens ta sake matsowa, Lamar ya jefa wa Isaiah Likely ƙwallo a tsakiyar masu tsaro uku, Deon Bush na Chiefs ya cafke. Wannan ma ba Monken ba ne, babu kocin da ke zana dabara ya ce a jefa wa mutumin da uku suka kewaye. Da ɗayan biyun nan ya tafi daidai, da wataƙila ba wanda zai ƙirga sau nawa aka ba Edwards.

Ravens ta ji kukan magoya baya. A Maris na 2024 ta ɗauko Derrick Henry, wanda ya tattake ta shekara huɗu baya. Ya yi gudun yadi 1,921 yana ɗan shekara 30. Lamar ya yi kakar da ta fi duk na baya a jifa: yadi 4,172, tacidawun 41, jifa 4 kacal abokan hamayya suka cafke masa, ga gudun yadi 915 a kai. Ba wanda ya taɓa haɗa jifan yadi 4,000 da gudun yadi 900 a kaka ɗaya kafin shi. Masu tsaro sun shiga tsaka mai wuya: in sun taru don Henry, jifa ya wuce ta kansu, in sun ja baya, Henry ya bi ta kansu. A ganina wannan ita ce dacewa mafi cika da aka taɓa yi masa, ƙarfin zamanin Roman da buɗewar zamanin Monken a wuri ɗaya. Josh Allen, kwatabak ɗin Buffalo Bills, aka ba gwarzon kaka, ni dai da Lamar zan ba, amma ba na jayayya da cancantar Allen.

Ranar 19 ga Janairun 2025 suka je Buffalo cikin dusar ƙanƙara. Kafin hutu Lamar ya yi jifa masu tsaron Bills suka cafke, ya kuma saki ƙwallo ta suɓuce masa, aka tafi hutu Bills tana da 21 Ravens 10. Bayan hutu Monken bai firgita ba. Ya ci gaba da ba Henry da Hill ƙwallo, suka dawo 21 da 19. A nan aka nemi ƙarin maki biyu don a yi kunnen doki, aka kira jifa, aka doke shi, kuma masu cewa me ya sa ba a ba Henry ba suna da magana, ko da yake wannan irin na Seattle ne, yunƙuri ɗaya. Sai Mark Andrews, mai cafka na Ravens, ya cafke ƙwallo aka doke ta daga hannunsa. Duk da haka Lamar ya ja ƙungiyar yadi 88 a mintunan ƙarshe, ya jefa wa Likely tacidawun, 27 da 25, saura minti ɗaya da daƙiƙa 33. Dabarar maki biyun da aka kira ta yi aiki sarai. Andrews ya fita gefen dama babu kowa a jikinsa, ƙwallon ta same shi a hannu yana ja da baya, ta faɗi.

Yayana ya kira ni bayan wasan ya ce, "To yau wa za ka ɗora wa? An yi gudun da kake so." Na ce masa gaskiya: a wannan daren ba ni da ƙorafi a kan mai zaɓen dabara. Ravens ta ba da ƙwallo sau uku, Bills ba ta ba da ko sau ɗaya ba, biyu daga cikin ukun kuma daga hannun Lamar suka fita. Ya ce ashe dai na dawo hanyarsa. Na ce a'a, Yaya. Kai kana cewa mutumin bai dace da Janairu ba, alhali shi ne ya ja su yadi 88 cikin sanyi lokacin da kuskure ɗaya zai ƙare kakar. Abin da ke damunsa a manyan wasanni shi ne yakan matsa wa kansa a farkon wasa, yana neman ya ci wasan da jifa ɗaya, sai ya riƙe ƙwallo fiye da kima ko ya jefa ta inda bai kamata ba. Wannan aibi ne na gaske, nasa ne, kuma shi zai gyara. Amma koci yana da hannu a ciki, domin mai zaɓen dabara da ya san halin kwatabak ɗinsa yana iya buɗe masa wasa da gajerun jifa masu sauƙi da gudu a jere har jininsa ya kwanta, kafin a nemi doguwar hanya. A wasan Chiefs ba a yi masa haka ba ko kaɗan. A wasan Bills an yi bayan hutu, kuma a wannan rabin Ravens ta ci maki 15, Bills ta ci 6.